Hudar da Shaho Bai Gani Ba

Shekara ashirin da shida da wata huɗu Shaho ya yi yana aiki a ɗakin duhu na masana'antar takardar alminiyum, wadda ma'aikata ke kira foyil, kuma a tsawon wannan lokaci babu naɗin da ya fita ƙofar sito ba tare da hatiminsa a jiki ba. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, an shafe bangonsa da baƙin fenti. A tsakiya akwai tebur mai saman gilashi, da dogayen fitilu shida a ƙarƙashinsa. Daga kowane naɗi akan yanko falle biyu, kowanne mita biyu: ɗaya a kai masa tebur, ɗaya a saka a ambulan a ajiye a durowa saboda ɓacin rana. Sai ya shimfiɗa nasa a kan gilashin, ya rufe ƙofa, ya kunna fitilun. Idan takardar lafiya take, ɗakin ya ci gaba da zama baƙi ƙirin. Idan kuwa akwai huda, ko da ba ta kai tsinin allura ba, haske zai ɓullo ta cikinta kamar tauraro. Ganin wannan tauraro shi ne aikinsa, kuma shi ya jawo masa laƙabin Shaho tun a shekararsa ta biyu. Sunan ya bi shi har gida, inda matarsa ke kiransa da shi duk ranar da ya kasa gano takalminsa.

Kafin wajen shekarar 1910 da kuza ake yin irin wannan takarda. Daga baya aka fara murza alminiyum a Turai, aka soma naɗe cakulan da shi. Ita wannan masana'anta da tukwane ta fara, sai a shekararta ta tara aka kafa injin murza. Ƙarfen yana bi ta tsakanin rola biyu, wato manyan ƙarafa masu juyawa da aka goge kamar madubi, yana ƙara siranta a kowane zagaye. A zagaye na ƙarshe ya riga ya yi laushin da ba zai jure ja shi kaɗai ba, don haka ake haɗa falle biyu a murza su tare, na sama da na ƙasa, a raba su daga baya. Abin da ke fitowa bai kai rabin kaurin silin gashi ba.

Wata bakwai ke nan da yanar ido ta fara rufe wa Shaho idon dama. Na hagu ya biyo baya bayan wata uku. Likita ya ce sai an yi aiki, ya ba shi rana, amma ranar tana can gaba da wata biyar, domin layin yana da tsawo. Dokar masana'anta kuwa a rubuce take: mai duba da ya faɗi gwajin ido, a ranar zai ajiye hatimi. An kafa dokar ne bayan wani kamfani ya dawo da kaya cikin mota guda, kuma Shaho da kansa yana cikin waɗanda suka ce a kafa ta. Ya ci gwajin bana ne da ka, domin allon haruffan da ke ɗakin nas shekara goma sha biyar ba a sauya shi ba. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa, kuma mutum shida ne ke jiran abin da zai shigo da shi gida. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa ta lura yana zuba shayi a gefen kofi, ya ce mata tururi ne.

Ya nemi wasu hanyoyi, kuma yawancinsu sun fisshe shi. Yatsa yana jin tattara da ƙwarzane. Kunne yana jin ko an gasa takardar yadda ya kamata, domin wadda ta gasu ba ta ƙara idan an girgiza ta. Hanci yana jin ragowar man injin murza. Huda ce kaɗai ba ta da ƙara, ba ta da wari, yatsa kuma ba ya kama ta. A nan sai ya dogara ga mai tuƙa injin, taubashinsa, ɗan kawunsa, wanda ake kira Kunkuru saboda ba ya sauri a komai. Mutum ne mai tsabtar aiki. Kayansa ba su cika zuwa da huda ba. Shaho yakan tsaya a cikin duhun minti uku, kamar yadda ya saba, ya fito ya buga hatimi a koren kati.

Ranar Alhamis da ƙarfe tara da rabi suna hutun shayi a inuwar bangon ɗakin inji. Kunkuru ya zo yana goge hannu da tsumma, ya ɗauke kofin Shaho ya kurɓa ba tare da tambaya ba, ya ce bawa ba ya shan shayi kafin ubangidansa. Shaho ya amsa cewa da zai jira Kunkuru ya iso, da shayin ya zama ƙanƙara. Aka yi dariya. Sannan Kunkuru, yana tauna burodi, ya ba da labarin abin da suka gani da safe sa'ad da suke sauya rolar sama: wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe kamar ƙwayar riɗi ya nutse a jikinta, ya ɗan taso. Jiya kaya mai kauri suka murza, irin na kwanon abinci, wanda abu kamar wannan ba zai huda ba. Shekaranjiya ne suka yi na kamfanin magani.

"Na ce wa yara su kwantar da hankalinsu," in ji shi. "Jiya abin nan ya shiga. Da tun Talata yake, ai da idon nan naka ya cafke shi, tunda shi kaɗai ne abin kirki a jikinka."

Shaho ya yi dariya tare da su. Naɗi goma sha huɗu ne na kamfanin magani, duk da hatiminsa, kuma motar da za ta ɗauke su tana bakin sito, za ta tashi ƙarfe goma sha biyu. Da wannan takarda ake rufe ƙwayoyin magani a cikin katinsu. Inda akwai huda, danshi zai shiga a hankali, ƙwayar ta mutu a cikin gidanta ba tare da ta sauya kama ba, mara lafiya ya haɗiye ta yana zaton ya sha magani.

Ya koma ɗakin duhu yana bin bango da hannu. Ya zaro ambulan na Talata, ya shimfiɗa falle na farko, ya kunna fitilu. Duhu ya gani, da wani hazo fari-fari yana yawo a cikinsa, hazon da yake gani kullum ko akwai takarda ko babu. Ya rufe idon dama da tafin hannu. Ya ɗauko madubin ƙara girma ya bi takardar taku-taku, hancinsa yana gogar ta. Ya bi ta da yatsa, daga baya ya bi ta da leɓe. Har ya ɗaga ta ya kai bakinsa yana hurawa, hannu ɗaya a baya, ko zai ji iska ta fita. Da ya ga abin da yake yi, sai ya ajiye.

A waje ya ji ƙarar tsintsiya. Iya mai shara ce, dattijuwar da ta girme shi da shekara biyar amma har yau da kanta take zura zare a allura. Ya buɗe ƙofa ya kira ta. Ta yi mamaki, ta ce shekara ashirin tana share bakin ɗakin nan ba a taɓa barinta ta leƙa ba, ta ɗauka aljanu yake kiwo a ciki. Ya ce mata doka ce sabuwa, ana son shaida na biyu. Ta jingine tsintsiya ta shigo, ya rufe ƙofa.

"Me kika gani, Iya?"

Ta jira har idonta ya saba da duhu. "Ga wani ɗan haske nan, ƙarami. Af, ga wani can. Da wani a ƙarshe. A jere suke, Malam, kamar an ja musu layi."

Ya miƙa mata tef ɗin awo, ya kunna ƙaramar fitilar bango, ya ce ta auna daga na farko zuwa na biyu. Ta san lambobi ko da ba ta san haruffa ba. Ta ce takwas da takwas. Daga na biyu zuwa na uku, takwas da takwas. Santimita tamanin da takwas shi ne kewayen rolar; duk sa'ad da ta juya sau ɗaya, ɓarɓashin ya soki takardar sau ɗaya. Naɗi guda yana da tsawon kilomita da yawa. Suka bi ambulan goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya. Bakwai suna da hudar, bakwai babu, kuma ya san dalili ba sai an gaya masa ba: bakwai ɗin su ne fallen sama, waɗanda suka taɓa rolar.

Iya ta ɗauki tsintsiyarta. A bakin ƙofa ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, ta tambaye shi a hankali ko shi bai gan su ba ne. Ya shiga tattara ambulan ɗin. Ta ce Allah ya rufa asiri, ta tafi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma ya isa sito. Hasken fili ya buge shi, komai ya zama fari, sai da ya tsaya ya ji inda ƙarar injin loda kaya take. An riga an ɗora akwati tara daga cikin goma sha huɗun. Ya ja mai sito gefe ya ce yana zargin an yi kuskure a lambobin kati, a dakata ya sake dubawa. Mai sito, wanda ba ya wasa da takarda, ya ɗauko littafinsa ya karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, suka dace. Shaho ya ce to a jira zuwa gobe, akwai abin da bai kwanta masa a rai ba. Mai sito ya ce shi ba ya aiki da abin da ke ran mutum. Koren kati yake gani, kuma koren kati ba ya komawa ja sai da sa hannun Manaja da dalili a rubuce. Direban motar ya leƙo ta taga yana tambaya ko tsofaffin sun gama hira, yana da tafiyar awa shida a gabansa. Shaho ya kama hannun mai sito ya roƙe shi da zumuncin shekara ashirin, ya ce minti talatin kawai. Mutumin ya zare hannunsa a hankali, ya ce ya je ya kawo takarda.

A tsakiyar fili ya tsaya, rana tana dukansa. Idan ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa, motar za ta tafi. Kamfanin magani ba kowane naɗi yake dubawa ba, domin ya san hatimin wa ke jiki. Zai iya ɗaukar wata shida kafin wani ya lura, watakila ma ba wanda zai lura har abada, a lokacin an yi masa aiki, idonsa ya dawo, ya zama Shaho kamar da. Iya ba za ta yi magana ba. Ya yi taku uku zuwa ɗakinsa. Ya ji an ajiye akwati na goma a cikin motar, ƙarfe ya amsa. Ya juya ya nufi matakalar ofis, ya hau yana ƙirga matakan kamar yadda ya koya wa kansa, goma sha bakwai.

Sakatariya ta ce Manaja yana taro. Ya zauna. Ya tambaye ta lokaci sau uku, a na ukun ta nuna masa agogon bango ta ce ai ga shi nan a gabansa. Da ta ce sha biyu saura kwata, ya tashi ya tura ƙofar.

Manaja saurayi ne a kansa. Da ya zo masana'antar daga jami'a, wata uku ya yi a ɗakin duhu a ƙarƙashin Shaho, kuma har yau Baba yake kiransa. Ya saurari jimla biyu kawai game da hudar, ya ɗaga waya ya ce wa mai gadi kada motar ta fita. Ya sallami taron, suka sauko tare, ya sa aka kira Kunkuru.

A ɗakin duhu Manaja ya duba falle uku da idonsa, ya kunna fitilar bango, ya jingina da tebur. Ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce hudar nan ko ɗan koyo na sati ɗaya zai gan ta, balle Baba. Tunda Baba bai gan ta ranar Talata ba, to ba ta cikin fallen da aka kai masa tebur. Ke nan an yanko masa mai kyau daga wani wuri, an saka na gaskiya a ambulan. An taɓa yin haka a masana'antar shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma kowa ya san yadda wanda ya yi ya ƙare. Ya juya ga Kunkuru ya tambaye shi wa ya yanko.

Kunkuru ya cire hularsa. Ya ce shi ya yanko da hannunsa, daga wuri ɗaya, fallen biyu a jere, kamar kullum. Ya rantse. Ya fara bayanin yadda yake riƙe wuƙa, bayanin ya yi tsawo, ya sarƙe, kamar yadda maganarsa ke yi idan ya tsorata. Manaja ya ce falle na tebur an riga an narkar da shi, babu shaida sai maganar mutum biyu, kuma ɗaya daga cikinsu shekara ashirin da shida bai taɓa kuskure ba.

"Ɗan'uwa," in ji Kunkuru, "yi magana mana. Ka san ni fa."

Ba a nemi Shaho ya yi ƙarya ba. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya yi shiru, kuma shirun ya riga ya fara aiki. Motar ta tsaya, maganin ya tsira, hatiminsa yana aljihunsa. Ya tuna cewa Kunkuru yana da 'ya'ya takwas, ya kuma tuna nasa mutum shidan. Ya ji Manaja yana cewa Kunkuru ya miƙa mabuɗin injin ga mataimakinsa ya jira a ofis. Ya ji ƙarar mabuɗan suna fita daga aljihu.

"Ranka ya daɗe," in ji Shaho. Bai taɓa kiransa haka ba. "Kashe fitilar nan. Juya fallen yadda ka ga dama, ka ce in nuna maka huda ɗaya."

Manaja ya ce Baba ya bar wasa. Shaho ya maimaita. Aka kashe fitilar bango, takarda ta yi motsi a kan gilashi, fitilun ƙasa suka kama. Ya sunkuya. Ya ba idanunsa minti ukun da ya saba, yana roƙo a zuci ko ɗaya ce ta bayyana, ko da yake ya san cewa in ta bayyana ɗan kawunsa ne zai tafi. Ya ɗora yatsa inda ya ga hazon ya fi fari.

Daga baya ya ji hannun Manaja ya kama wuyan hannunsa, ya ɗaga shi, ya kai shi wajen taƙi biyu zuwa hagu, ya ajiye.

"A nan take, Baba."

"Ba na gani," in ji Shaho. "Abin da ya kawo mini shi ne abin da ke cikin ambulan. Ni ne ban gani ba."

Manaja ya kunna fitila. Ya daɗe yana kallon durowoyin da ke jere a bango, kowacce da watanta a rubuce, kafin ya yi tambayar.

"Tun yaushe?"

Zai iya cewa sati biyu. Ya ce wata bakwai.

Abin da ya biyo baya an yi shi cikin natsuwa. Manaja ya mayar wa Kunkuru mabuɗansa, ya ba shi haƙuri a gaban Shaho. Ya sa aka sauke motar. Ya aika a kira mata biyu daga ɗakin gwaje-gwaje, ya ce a fito da ambulan na wata bakwai duka, a fara da na kamfanonin magani da na madarar jarirai. Mai sito ya duba littafinsa ya ce sun haura ɗari tara. Manaja ya karɓi hatimin bai dubi fuskar mai shi ba, ya ce Baba ya zauna a waje, za a yi magana idan an gama.

Shaho ya zauna a benci a bakin ɗakin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Kunkuru ya tsaya a kansa yana juya hula a hannu. Bai tsokane shi ba, bai kuma zage shi ba. Ya tambaye shi kawai ko minti nawa ya yi niyyar ya bar shi a tsaye a can. Shaho ya ce bai sani ba. Kunkuru ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, ya sa hularsa ya koma ɗakin inji.

Ta bayan ƙofa yana jin aikin. Ɗaya ta karanta lambar ambulan, takarda ta yi motsi, a yi shiru, ɗayar ta ce lafiya. Ya riƙa bin su da yatsunsa a kan gwiwa. Na biyar lafiya, na tara lafiya, na ashirin lafiya. Ya fara jin numfashinsa yana dawowa. A na ashirin da uku shirun ya yi tsawo. Ya ji an sake shimfiɗa takardar, ya ji an jawo tef ɗin awo. Sannan ƙofar ta buɗe, Manaja ya wuce ta gabansa da sauri, yana cewa a nemo masa lambar wayar kamfanin da ya karɓi kayan wata biyar da suka wuce, a tambaye su ko sun riga sun kai kasuwa.